Tuwon Asabar Ba Haja Ba Ne

Ummi,

Kada ki karanta takardar nan a tsaye, kada kuma ki karanta ta a cikin jirgin ƙasa, ido ɗaya a kanta ɗaya a kan waya. Ki bari sai kin isa ɗakinki na unguwar Brickfields, kin yi salla, kin zauna. Akwai maganar da ba za ta yi miki daɗi ba a ciki, kuma ba na son gobe ki ce ba ki gane ba. Da gangan na rubuta da Hausa. In wata kalma ta fi ƙarfinki, ki kira Abbanku ki tambaye shi. Ban yarda ki miƙa wa waya maganar uwarki ta juya miki ita zuwa Turanci ba.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fatan kin tare lafiya. Allah ya sa ɗakin ya karɓe ki, ya haɗa ki da abokan zama na kirki, ya tsare fitarki da shigarki.

Kin san ba na doguwar magana da ke. Ke ce ta fari, ga shi kuma sunan Innata aka sa miki, kunya biyu ke nan a kaina. Da a gida muke, gwaggwanninki ne za su zaunar da ke su faɗa miki abin da bakina ba zai iya ba. A nan unguwarmu ta Sentul babu gwaggo. Shi ya sa na ɗauki biro.

To bari in faɗa sau ɗaya, kada ki sa ran za ki ji daga bakina: kin fitar da ni kunya. A goye na sauka da ke a ƙasar nan ta Malesiya, lokacin da Abbanku ya zo karatun digiri na uku, ban san kowa ba, ban iya ko sayen albasa da yarensu ba. Yau ga ki da digiri, ga ki da aiki a kamfanin da ke sarrafa kayan abinci yana kaiwa ƙasashen duniya. Abbanku ya ba ni labarin ranar da suka gwada ku. Wai sun jera muku ƙananan kofuna na miya, aka ce ku ɗanɗana ku faɗi wadda za ta karɓu a kasuwar Arewa. Kika kurɓa, kika ajiye cokali, kika ce babu ko ɗaya, duk gishiri ne da launi, mutumin Kano zai saya sau ɗaya don gwaji, ba zai sake ba, domin babu ƙamshin daddawa a ciki. Da ya gama faɗa min, na miƙe na ce miyata za ta ƙone, alhali ban ɗora komai a wuta ba. Wai yarinyar da nake tsarewa da muciya tana kuka, tana cewa miyar kuka wari take yi, ita nasi lemak, shinkafar Malay, take so, yau harshen nan ne ya ci mata aiki.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu.

Asabar ɗin da ta wuce, kin same ni a kicin ina tuƙa tuwo, baƙi sun fara cika falo. Kika tsaya a bayana kika ce, "Umma, ogarmu ta ce ko za su zo wata Asabar. Su uku ne kawai. Za su kawo garin miyar da muke gwadawa, a yi tukunya ɗaya da nasu, ɗaya da naki, mutane su ci su faɗi wanda ya fi. Za su ɗauki hoto kaɗan, su ga yadda kike yin daddawarki, kowa ya sa hannu a takarda. Za a ba kowa ɗan wani abu."

Na ce, "Me kika ce mata?"

Kika ce, "Na ce boleh." Wato da yaren Malay kin amsa mata da to.

Na ce, "Boleh a kan tukunyar wa?"

Kika ce, "Haba Umma, rana ɗaya ce lah," har da jan maganar nan ta 'yan Malay. Na ce ki miƙo min mara, tuwo zai yi gudaji. Ba mu sake maganar ba har kika kwashe kayanki.

Amsata ita ce a'a. Kamfaninku ba zai shigo tuwon Asabar ba. Na san kin riga kin yi alkawari, na san sabuwa ce ke a wurin, ba a ma tabbatar da ke ba, kuma ke za ki tsaya gaban matar nan ki janye maganarki. Ban ɗauki wannan da wasa ba. Shi ya sa ba zan bar ki da a'a tsirara ba, zan gaya miki inda ta fito.

Shekarar da kika shiga jami'a kika fara karatun zamantakewar al'umma, kin ishi kowa a gidan nan. A sayo burodi, ki ce jari-hujja. Abbanku ya canza waya, ki ce jari-hujja. Ni dai ina jin ki. Abin da ba ki sani ba, in kin fita kin bar littafin nan naki mai kauri na ajin farko a kan tebur, ina ɗauka in karanta, da Turancina na sakandare da ƙamus a gefe. Ban gane rabi ba. Amma abin da na gane ya zauna. Na gane cewa akwai mai jari, akwai mai sayar da ƙarfinsa da lokacinsa domin ba shi da wani abin sayarwa. Na gane cewa kasuwar zamanin nan ba ta zama a inda aka ajiye ta, kullum tana neman abin da ba a taɓa sa wa farashi ba, ta sa masa. Na kuma gane abin da suke kira dunƙulewar duniya, wai duniya ta zama gari ɗaya. Wannan na ƙarshen ban buƙaci ƙamus ba. Hijabin da 'yan uwana ke roƙo in aika musu, suna cewa ɗan Malesiya, yadinsa daga Sin yake, ɗan Bangaladash ne ya ɗinka. Garin kuka kuma yana tasowa daga Zariya ya iso min Sentul babu wanda ya tambaye shi dalilin zuwansa, amma Inna har ta bar duniya ba ta samu bizar zuwa ta ga ɗakina ba. Gari ɗaya ne ga kaya. Mutane har yanzu a ƙofa suke tsaye.

Littafinki bai yi ƙarya ba, Ummi. Kuma kuɗin makarantarki bai tafi a banza ba. Abin da nake so shi ne kada ki bar ilimin a zauren jarrabawa yanzu da kika shiga cikin abin da aka koya miki.

Daddawar da ogarki ke son gani, bari in gaya miki yadda ta samu. Farkon zuwanmu, wadda na zo da ita a ƙulle ta ƙare, miya ta koma kamar ruwan wanka. Wata rana a kasuwar Chow Kit na hangi wasu dogayen kwanso kore a rataye, na matsa na sansana. Ɗorawa! Mai kayan ya ce sunansa petai. Na ce a raina, kai dai ka kira shi yadda ka ga dama, ni na san ɗan gidanmu. Na saya da yawa, na ɓare, na dafa, na rufe a kwando da ganyen ayaba kamar yadda Inna ke yi wa kalwa, na tura ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Abin da ya tashi daga kwandon nan ba daddawa ba ce. Warin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya cika bene. Maƙwabcinmu, wani dattijo Basine, ya kira masu kula da gini ya ce ɓera ya mutu a bango. Suka zo da fitila suna duddubawa, ni ina tsaye a bakin ƙofa da ke a hannu, fuskata kamar ban san komai ba. Abbanku ya dawo ya toshe hanci ya ce, "Wannan in kika sa min a miya, na fasa digirin."

Wata 'yar Malay mai sayar da abinci a Kampung Baru, Kak Ros, ita na ba labarin, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce petai ɗanye ake ci ko a soya, ba a ruɓar da shi. Ta nuna min waken suya da suke ruɓarwa su yi abincin da suke kira tempe. Na tuna a gida ma akwai masu daddawar waken suya. Na yi ta gwadawa ina zubarwa, domin iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, abin da zai bushe a Zariya a nan fumfuna yake yi, har na gano yadda zan yi da murhun gashi da ɗan ƙaramin wuta. Daddawar da kika tashi da ita ke nan.

Abin da na ɗauka daga wannan, ki riƙe shi a wurin aikinki: kama ba ita ce asali ba. Petai ɗan uwan ɗorawa ne, amma bai zama kalwa ba. Ni ban taɓa ce wa baƙona daddawata ta kalwa ce ba, nakan ce ta waken suya ce, ta Sentul. Ku ma in kun haɗa garinku da sinadari a masana'antarku ta Shah Alam, ku rubuta abin da yake. Kada hannunki ya rubuta "daddawar gargajiya" a jikin ledar abin da bai taɓa ganin inuwar ɗorawa ba. Matar da za ta saya a ƙauye ba za ta iya kai ku ƙara ba, amma akwai Wanda zai tambaye ki.

Ba na gaba da kasuwa, kada ki ɗauke ni haka. Da kasuwa aka raine ni. Inna daddawa take yi, da ita ta biya min makarantar kwana. Na san ƙaurin hayaƙin dafa kalwa, na san yadda surfenta ke cin tafin hannu. Ina sakandare lokacin da dunƙulen miya na kanti ya cika garinmu, a nannaɗe da takarda mai ƙyalli, ga araha, ga shi amarya ba ta jin kunyar a gan shi a ɗakinta. Na dawo hutu na tarar tiren Inna yana fita ya dawo da rabi. Ba ta zagi kowa ba. Ta rage tukunya, daga baya ta koma sayar da ƙuli. Babu wanda ya zo daga kamfanin ya yi mata mugunta. Waɗanda suka yi dunƙulen ba su ma san akwai ta a duniya ba, kuma abin da ya fi ci min rai ke nan. Ni kaina yau ina jefa dunƙulen a miya, yana rage wahala, ba zan yi miki munafunci ba. Ban ce ki bar aikinki ba, aikin halal ne, ki yi shi da kyau har su rasa yadda za su yi ba ke. Amma su can ba su san irin su Inna ba, ke kin sani, sunanta ma kike amsawa. Ranar da aka zauna ana shawara ko a sayi daddawa daga hannun matan da ke yin ta ko a kwaikwayi ƙamshinta da sinadari, ki buɗe baki. Ko ba a ɗauki maganarki ba, a dai san an faɗa.

Tuwon Asabar kuwa, ke kin tashi kin same shi, kamar fanka da labule, shi ya sa kike ganin abu ne da za a iya ara wa mutane rana ɗaya. Da ɗalibai biyu abokan Abbanku ya fara, waɗanda suka gaji da shinkafar shagunan abinci na mamak. Suka kawo wasu, wasun suka kawo wasu. Yau ki duba falon: ɗan Katsina mai digiri na uku, likitan nan ɗan Zangon Kataf, 'yan matan Jos masu karatun jinya, masu wankin mota, masu ɗaukar kaya a shagunan 'yan kasuwa. A waje ba sa haɗuwa. Likita ba ya hawa jirgin da mai wankin mota ke hawa, ba ya cin abinci inda yake ci. Garin nan ya jera kowa a matakinsa, har a gininmu akwai lif na masu gida, akwai na masu shara. A kan tabarmata kaɗai na ga hannuwansu a tire ɗaya, wani ya ce bismilla, wani ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa, a hau gardamar ƙwallo da siyasar gida.

Na taɓa buɗe wa ɗan kasuwa ƙofar nan, don haka ba da ka nake magana ba. Kina firamare lokacin. Alhaji Mudi mai kago, wanda ke aika wa mutane kaya Kano, ya ga taron ya yi yawa, ya ce, "Hajiya, nauyin nan ya yi miki yawa. Ki bar min shinkafa da kaji." Na ga taimako ne, na karɓa. Mako na gaba ya zo da ƙyalle mai sunan kamfaninsa ya rataya a bangon falo. Na ce ba komai. Na gaba ya jera katunansa a gefen tire. Na ce ba komai. Aka fara ce wa abin tuwon kago. Sai rannan ya leƙo kicin ya rage murya ya ce, "Hajiya, yau ina da baƙi, manyan 'yan kasuwa daga Legas. Yaran nan masu wankin mota, a yi musu tapau, a ƙulle musu a leda su tafi da shi, ai duk ci ne."

Bai rage muryar yadda yake zato ba. Istifanus, wanda kike ce wa Kawu Isti, yana bakin ƙofa yana cire takalmi. Ya mayar da takalminsa. Asabar ta zo ba shi, wata ta zo ba shi, abokansa ma suka ɗauke ƙafa. Na zuba tuwo a kula na hau bas har wurin wankin motar da yake aiki a Jalan Ipoh. Ya fito da kumfa a hannu. Na ce, "Istifanus, laifin me na yi maka?"

Ya ce, "Ba ki yi min komai ba, Mama. Na dai ji tuwon ya samu mai shi."

Na dawo gida na sauke ƙyallen nan na naɗe, na haɗa da sauran buhun shinkafar. Da Alhaji ya zo na ce, "Alhaji, ga kayanka, Allah ya saka. Ka zo duk Asabar ka ci, amma hannu biyu za ka zo da su, babu komai a ciki." Ya yi fushi ya daina zuwa, daga baya miyar kuka ta dawo da shi. Kin gan shi har yau, shi ne mai neman ƙarin man shanu, kusa da Kawu Isti yake zama. Tun daga ranar na san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Alhaji Mudi mutum ɗaya ne, na san gidansa, na san matarsa, shi ya sa na iya naɗe masa ƙyallensa. Kamfaninku wa zan naɗe wa? Ogarki ma tana da oga, shi ma nasa ogan yana wata ƙasa, masu kuɗin kuma ba su san junansu ba.

Ki kuma yi tunanin waɗanda za a ce su sa hannu a takarda. Cikin masu zuwa gidan nan akwai waɗanda bizarsu ta mutu. Ban tambaya ba, ba su faɗa ba, amma ina ganin wanda ke daina tauna in an ƙwanƙwasa ƙofa. Akwai ɗalibin da kuɗin karatunsa ya maƙale a gida, ya zo da riga a goge, ya ce, "Hajiya, a ƙoshe nake, zan ɗan taɓa ne kawai," in juya baya in ba shi wuri ya share malmala uku. Wannan tuwon ne abincinsa na kirki a mako, kuma yana iya ci ne domin babu wanda ya nuna ya sani. Ki kawo baƙi da kyamara da takarda, na farkon ba zai sake hawo benen nan ba, zai kuma gaya wa 'yan uwansa gidan Hajiya ya lalace. Na biyun zai zauna, domin yana bukatar ɗan wani abin da kuka ce za ku bayar. Zai ci, a tsaya a kansa ana rubutu, a tambaye shi wacce ta fi, ya rasa wadda zai yaba, ta mai ciyar da shi ko ta mai biyansa. Ya shigo a matsayin baƙona, ya fita a matsayin ɗan ƙwadagon kamfaninku, a kan tabarmata. In kuma garin ya shiga kasuwa ya yi riba, shi ba zai ji ko labari ba. Wannan ba shi ne abin da kike karanta mana da ƙarfi a falo ba?

Abbanku da farko ya goyi bayanki. Ya ce, "Ai bincike ne, haka ake yi ko'ina." Na ce, "To a zo a yi shi a ajin da kake koyarwa." Ya yi dariya ya ce tukunyata ce, ba ya shiga. Maman Rifkatu kuwa, ƙawata ta Pankshin da ke aikin jinya, da na gaya mata a waya, cewa ta yi, "Hajiya, ki sassauta. Yarinya ce, so take ta burge madam ɗinta. Ki ce a'a, amma kar ki bari ta koma ofis hannu rabbana. Ke ma fa kin iya taurin kai, a nono ta sha." Na ce na ji, ban da na ƙarshen.

To ga abin da za ki koma da shi.

In kamfani na son bakin Hausawa ya ɗanɗana musu miya, su sa rana a ofishinsu, su faɗi abin da za su biya. Ki zo ranar Asabar bayan an ci an wanke hannu, ki sanar da bakinki, sau ɗaya. Wanda ya ga zai iya, ya je da ƙafarsa, ya yi aiki a biya shi, ya faɗi gaskiyarsa ba tare da kunyata ba. Wannan ciniki ne a wurin ciniki, ba ni da ja.

Daddawa kuma, ba zan nuna wa kyamara ba, amma ke zan koya miki, tun daga zaɓen wake har shanya, da hannunki ba da ido ba. Gadonki ne daga Inna, dama lokaci ya yi. In ta shiga hannunki ta zama taki. Abin da za ki kai musu da abin da za ki riƙe, ke da Allah. Na yarda da hankalinki, da ban yarda ba da ban bar ki kin kama ɗaki ke da 'yan mata biyu a Brickfields ba, mutane suna ta surutu wai na saki budurwa a garin mutane.

Ogarki kuma, in tana son cin tuwo, ƙofa a buɗe take. Ta cire takalmi, ta wanke hannu, ta zauna tsakanin 'yan matan Jos, in zuba mata da kaina. A matsayin wadda 'yata ke aiki a ƙarƙashinta, za ta ga karamci.

Na san abin da ke ranki, ko ba ki faɗa ba. Bizarki yanzu ba a ƙarƙashin Abbanku take ba, a hannun kamfani take. In sun sallame ki, ba aiki kaɗai kika rasa ba, har da zaman garin da kika tashi a ciki, inda kika fi jin yarensa a kan naki. Wannan tsoron na gaskiya ne, ni ma shekara da shekaru ina zaune a ƙasar nan da izinin da ake sabuntawa, ban taɓa dasa ko bishiya ba. Amma ki lura da abin da tsoron ya sa ki yi tun ba a je ko'ina ba. Ba a tilasta miki ba, tambaya kawai aka yi, kika miƙa falon uwarki. In kika saba da haka, yau tuwo ne, gobe hutunki, jibi sallarki, gata kuma a ce ki sa hannu a kan abin da kika san ƙarya ne. Sun sayi lokacinki na aiki, da iliminki, da harshenki mai gane miya. Ki ba su waɗannan cikakku, kada ki ha'ince su ko na minti. Abin da ba su saya ba kuwa, kada ki ba su gyara.

In kin je gaban ogarki, kada ki yi ƙarya, kada ki ce Umma ba ta da lafiya ko falon ya yi ƙanƙanta. Ki ce kin yi alkawari a kan abin da ba naki ba, mai shi ta ƙi. Ki ɗora a kaina, kafaɗata ta saba. Ita ma 'yar wata ce, ga ta kuma Basiniya. Na ga yadda Sinawa ke rufe shaguna su tafi cin abincin jajibirin sabuwar shekararsu a gidan iyaye. Ki tambaye ta cikin ladabi ko za ta kai ma'aikata da kyamara teburin nan. In mai hankali ce, darajarki za ta ƙaru a idonta. In kuma ta riƙe ki a rai saboda wannan, gara ki san irin wurin da kike tun yanzu, kina da ɗaki a gidan ubanki, muna da rai, za mu nemi wata hanya tare.

Sauran ba sai na tsawaita ba. Kada katin aikin da kika rataya a wuya ya sa ki wuce mai gadi ɗan Nepal ba gaisuwa, abin da ya fito da shi daga ƙasarsu shi ya fito da mu. Ki ci abinci mai kyau, ba burodin roti da shayi kullum ba. Ki kula da sallarki a kan lokaci, ko taro ake yi ki nemi izini ki tashi.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Ya tsare ki a jirgi da kan titi, ya tsare ki daga sharrin mutum da na son zuciya, ya sa ki gama da kamfanin nan lafiya, ya ɗaukaka ki har inda ban taɓa hangowa ba. Allah ya jiƙan mai sunanki. Abbanku da ƙannenki suna gaishe ki.

Na riga na faɗa wa Abbanku, zan kuma faɗa a falo Asabar mai zuwa kowa ya ji, ke ma ina son ki kasance a wurin. Ban da sanarwar nan ɗaya da na yarje miki, daga yau, a gidan nan, ranar Asabar ba a saye, ba a sayarwa, ba a talla, ba a ɗaukar hoton mai ci, ba a tambayar kowa takardarsa ko aikinsa. Duk wanda ya cire takalmi a ƙofata baƙo ne, kuma baƙo ba ya biya, ba a kuma biyansa. Dokar ta hau kan Alhaji, ta hau kan likita, ta hau kan Abbanku, ta hau kanki.